Wa yake gaya wa ɗan tayi inda zai sa ƙwaƙwalwarsa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mai kiwon kaji ne, ina da ƙaramin injin ƙyanƙyasa, kuma na yi karatun kimiyya a sakandare. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, idan na fasa ƙwai ba na ganin komai sai gwaiduwa da farin ruwa, amma bayan kwana 21 sai ga ɗan tsako da kansa da idanunsa, har ya san ya tsattsagi abinci. An ce ƙwayoyin gado ne suke wannan aiki. To ta yaya suke sanin nan ne wurin ƙwaƙwalwa, can ne wurin jela? Sannan wani lokaci idan na fasa ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba nakan tarar da ɗan tsako ƙwaƙwalwarsa a waje, ko kuma babu ido. Wannan gado ne daga iyaye, ko laifin injina ne?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce. Ta farko, yadda ƙwayoyin jiki masu kama ɗaya suke rarrabuwa har wasunsu su zama ƙwaƙwalwa. Ta biyu, idan aikin ya lalace, daga ina ɓarnar ta shigo. Wanda ya gane ta farkon ya riga ya samu rabin amsar ta biyun. Ni aikina koyar da yadda ɗan tayi yake girma ne, kuma ƙwan kaza shi ne abin da na fi buɗe wa ɗalibai, don haka daga kan ƙwan naka zan ɗauko maganar.

Ka fara riƙe wannan: kowace ƙwayar jikin ɗan tsako tana ɗauke da cikakken kundin gado iri ɗaya. Wadda za ta zama ƙwaƙwalwa da wadda za ta zama fatar ƙafa, abin da aka rubuta a cikinsu bai bambanta ba. Kuma babu hoton ƙwaƙwalwa a ajiye a cikin kundin. Lissafi ma ya isa shaida. Ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kusan 20,000, amma ƙwayoyin jijiyar da ke cikin kansa sun kai biliyan 86. Ina za a samu wurin rubuta wa kowacce matsayinta? Abin da ke faruwa shi ne, kowace ƙwayar jiki takan kunna wasu ƙwayoyin gado ta bar sauran a kashe, kuma abin da ke yanke wanda za ta kunna shi ne saƙon sinadari da ya iso mata daga maƙwabtanta, da ƙarfin saƙon, da lokacin da ya iso. Idan ta kunna, ita ma sai ta fara aika nata saƙon. Haka abin yake tafiya, wannan mataki ya haifi na gaba.

A saman gwaiduwar ƙwan da ke da ɗa akwai wani farin ɗigo, faɗinsa milimita 3 zuwa 4. Shi ne ɗan tsakon, dubban ƙwayoyi a shimfiɗe. A ɗakin gwaji mukan zuƙe ɗan farin ƙwai da sirinji don gwaiduwar ta sauka, mu yanka taga a ɓawon, mu ɗura baƙar tawada a ƙarƙashin tayin, domin shi garai-garai yake, ba a ganinsa sai da baƙi a bayansa. Ƙwan da ya yi wajen awa 18 a ɗumi za ka ga layi ɗaya ya ratsa tsakiyar ɗigon. A kwana ɗaya, gaban layin ya yi kauri, gefunansa biyu sun fara tasowa. Kafin kwana ɗaya da rabi gefunan sun haɗe sun zama bututu, gaban bututun ya kumbura gida uku: ƙwaƙwalwar gaba, ta tsakiya, da ta baya. Ragowar bututun shi zai zama laka. Wato tun kafin a cika kwana biyu cikin 21 ɗin nan an gama shata manyan iyakoki. Kusan haka yake a kifi da kwaɗo da ɓera da mutum, sai dai saurin ya bambanta.

Yankan da ya haifar da kai na biyu

A 1924 aka buga sakamakon wani gwaji da Hilde Mangold ta yi a Freiburg ta Jamus, ƙarƙashin malaminta Hans Spemann. Ta yi aiki da tayin wata halittar ruwa dangin kwaɗo mai jela, iri biyu, ɗaya fari ɗaya mai duhu, don ta iya gane naman wane ne ya tafi ina. Ta yanko ɗan mitsitsin nama daga bayan farin tayi, ta dasa shi a gefen cikin mai duhun. Mafi yawan tayin sun mutu. Kaɗan ɗin da suka rayu sai ga su da baya biyu, bututun jijiya biyu. Abin da ya girgiza masana shi ne, sabon bututun galibinsa mai duhu ne. Ashe naman da aka dasa ba shi ya zama jijiya ba, umartar maƙwabtansa ya yi, waɗanda da an ƙyale su fatar ciki za su zama. Spemann ya karɓi kyautar Nobel a 1935. Ita Hilde ba ta ga wannan rana ba, domin a 1924 ɗin ta rasu tana shekara 25, bayan wani murhun mai ya fashe a kicin ɗinta. A farkon shekarun 1930 Conrad Waddington ya nuna cewa tsuntsaye ma suna da irin wannan nama, a can bakin layin nan da na ce ana gani a awa 18.

Kusan shekara 70 ana neman sinadarin da naman yake fitarwa. Da aka same shi, sai ya zo da abin da ba a zata ba. A 1989 an lura cewa idan aka ɗebo ƙwayoyin saman tayin kwaɗo, waɗanda za su zama fata, aka wargaza su a ruwa na 'yan awanni yadda ba sa taɓa juna, sai su zama jijiya da kansu, ba wanda ya umarce su. Daga nan aka gano cewa ƙwayoyin suna aika wa juna wani furotin mai suna BMP, kuma saƙonsa shi ne a zama fata. Naman da Hilde ta dasa kuwa furotin yake fitarwa masu cafke BMP su hana shi isa. An gano Noggin a 1992 a ɗakin gwajin Richard Harland, Chordin kuma a 1994 a na Edward De Robertis, duka a Amurka. Inda aka toshe BMP, nan ƙwayoyin gado irin su Sox2 suke kunnuwa, nan jijiya take fitowa. An yi wannan aiki ne da kwaɗon Afirka mai farce da ake kira Xenopus. Ɗan'uwansa ƙarami, wanda aka karance kundin gadonsa a 2010, zuriyar da aka yi amfani da ita daga Najeriya asalinta yake.

A kwaɗo labarin ya zauna daidai. A kaza bai zauna haka ba. Claudio Stern da abokan aikinsa sun nuna cewa toshe BMP shi kaɗai ba ya mai da ƙwayoyin tayin kaza jijiya, sai wani saƙo mai suna FGF ya riga ya shirya su. Ni a ganina ɓangarorin biyu duk suna da gaskiya, kowa dabbarsa ya duba. Littattafan makaranta dai sun fi son labarin kwaɗo saboda ya fi sauƙin haddacewa.

Ina gaba, ina baya

Yanzu an samu jijiya, saura ta san ina kai ina jela, wanda shi ne zuciyar tambayarka. Ka tuna wutar jin ɗumi da ake hurawa da sanyin safiya lokacin hunturu. Ko idonka a rufe yake, zafin da ke dukanka zai gaya maka kusa kake ko nesa. Haka ƙwayoyin bututun suke gane matsayinsu. Ɓangaren jela yana fitar da sinadarai uku, Wnt da FGF da wani asid da jiki ke haɗawa daga bitamin A. Suna da yawa a baya, suna raguwa yayin da ake matsowa gaba. A can gaba kuma akwai nama mai fitar da furotin da ke kashe Wnt, irin su Cerberus da Dickkopf. Ƙwayar da saƙon bai kai mata ba ta zama ƙwaƙwalwar gaba, wadda ya taɓa kaɗan ta zama ta tsakiya, wadda ya cika ta zama ta baya ko laka. Idan ka ƙara wa tayin kwaɗo Dickkopf sai ya fito da ƙaton kai, idan ka cire wa ɓera shi sai a haife shi babu gaban kai.

Saƙon da ke raguwa sannu a hankali ba ya ba da iyaka mai kaifi, ƙwaƙwalwa kuwa tana buƙatar ɗakuna masu iyaka. Nan ne wasu ƙwayoyin gado suke shigowa, waɗanda aikinsu kunna wasu ne da kashe wasu. A gaba Otx2 ke kunnuwa, a bayansa Gbx2, kuma kowanne yana kashe ɗayan, saboda haka ƙwaya ba ta iya riƙe su biyun, dole ta zaɓa. Inda suka yi karo nan ne iyakar ƙwaƙwalwar tsakiya da ta baya. Ita iyakar kuma sai ta zama sabuwar cibiyar aika saƙo, tana fitar da FGF8. A 1996 an jiƙa ɗan ƙanƙanin dutsen roba da FGF8 aka dasa shi a ƙwaƙwalwar gaban tayin kaza, sai ƙwaƙwalwar tsakiya ta biyu ta tsiro a wurin. Ɓeran da aka cire wa Otx2 a 1995 kuwa, ƙwaƙwalwar gaba da ta tsakiya duk ba su fito ba.

Ƙwaƙwalwar baya, wadda ke riƙe da numfashi da haɗiya da motsin fuska, ita a tayin kaza da idonka za ka ga ta rabu gaɓa-gaɓa, bakwai ko takwas. Kowace gaɓa tana da haɗin ƙwayoyin gadon Hox nata. Idan aka cire wa ɓera Hoxb1, gaɓa ta huɗu takan rikice, a haife shi fuskarsa a shanye. Su Hox ɗin a ƙuda aka fara gano su, ƙaramin nan mai bin ruɓaɓɓen ɗan itace. Edward Lewis ya shafe shekaru yana nazarin ƙudaje masu fuffuke huɗu maimakon biyu, Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus kuma suka tace dubban ƙudaje a Heidelberg suna neman ƙwayoyin gadon da ke tsara jiki. Su ukun suka raba Nobel a 1995. Ƙuda yana da Hox 8, mu da ɓera muna da 39, kuma a jere suke a kan zaren gado daidai da jerin sassan jikin da suke kula da su. Kamar da ke tsakanin ƙwayoyin gadonmu da na ƙuda ta kai har a 1998 an ɗauki Otx na mutum an sa wa ƙudan da nasa ya lalace, ya gyara masa ƙwaƙwalwa. Ba ta mutum ya gina masa ba, ta ƙuda ya gina, domin shi aikinsa ya ce nan ne gaba, sauran aiki na ƙwayoyin da suka karɓi saƙon ne.

Tumakin Idaho

A shekarun 1950 makiyaya a jihar Idaho ta Amurka suka shiga damuwa. Tumakinsu suna haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi, a wasu garken har kashi ɗaya cikin huɗu. Kowa ya ɗauka mugun iri ne ya shiga garke. Masanan ma'aikatar noma suka bi lamarin sama da shekara goma kafin su tabbatar cewa wani tsiro ne mai suna Veratrum californicum da tumakin ke ci a kan duwatsu. Kuma ba kullum yake ɓarna irin wannan ba. Sai tunkiya ta ci shi a wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki.

Sai a shekarun 1990 aka gane dalili. A ƙarƙashin bututun jijiya akwai wata siririyar sanda ta nama da ke fitar da furotin mai suna Sonic hedgehog, a taƙaice Shh, wanda aka gano a 1993. Shi ke gaya wa bututun ina ne ƙasa, kamar yadda BMP da Wnt daga sama suke gaya masa ina ne sama. A laka, yawan Shh da ƙwaya ta samu da tsawon lokacin da ta daɗe tana samunsa su ke yanke ko za ta zama jijiyar da ke motsa tsoka ko wata daban. A kai kuma aikinsa ya fi haka ban mamaki. Tun farko filin ido guda ɗaya ne a gaban tayi, ƙwaƙwalwar gaba ma dunƙule ɗaya ce. Shh ne ke ratsa tsakiya ya kashe Pax6, ƙwayar gado mai kula da ido, a wurin, filin ya rabu dama da hagu. A 1996 aka cire wa ɓera Shh, aka same shi da ido ɗaya irin na 'ya'yan tumakin. Gubar tsiron nan kuwa, ashe hanyar Shh take toshewa. Tumakin gadonsu lafiya lau yake, amma sakamakon bai bambanta da na ɓeran da aka lalata wa gado ba.

A mutane ma lalacewar ƙwayar gadon Shh tana hana ƙwaƙwalwar gaba rabuwa. Amma a gida ɗaya, masu ɗauke da lahani iri ɗaya, wani jaririn ba ya rayuwa, wani kuma ba a ganin komai a jikinsa sai haƙorin gaba ɗaya tilo a sama maimakon biyu. Duk wanda ya ce maka ƙwayar gado ɗaya tana daidai da sakamako ɗaya, ka tuna masa da wannan.

Batun girma a gajarce zan taɓa shi. Bayan an shata ɗakuna, ƙwayoyin da ke bangon bututun suna ta rabuwa, kuma akwai ƙwayoyin gado, irin su Notch, da ke yanke yaushe za su daina ninkuwa su fara zama jijiya. Ɓera yana gama haifar jijiyoyin saman ƙwaƙwalwarsa cikin mako guda, biri yakan ɗauki wajen wata biyu. Ƙarin ninki goma kacal yana ba da ninki dubu. Shi ya sa lahani a ƙwayar gado mai suna ASPM, mai hannu a wannan ninkuwa, wanda aka gano a 2002 a wasu iyalai 'yan asalin Pakistan, yake sa a haifi yaro da ƙaramin kai, kuma shi ya sa cutar Zika, da ke kashe waɗannan ƙwayoyi masu ninkuwa, ta haifar da irin wannan a Brazil a 2015.

To, gado ne ko inji?

Ka ga dai yanzu duka biyun suna iya kai ka wuri ɗaya. Sai dai a abin da ka siffanta, injin na fi zargi. Masu ƙyanƙyasa sun daɗe da sanin cewa ƙwaƙwalwa a waje da rashin ido alama ce ta zafi ya yi yawa a kwana ukun farko, daidai lokacin da bututun nan yake rufewa. Idan gefunansa ba su haɗe a gaba ba, ƙoƙon kai ba shi da abin da zai rufa a kai. Injin mai fanka ana so ya tsaya a digiri 37.5 zuwa 37.8, kuma ma'aunin da ke jikin ƙananan injina yakan yi ƙarya. Ka samo ma'aunin zafin jiki na asibiti ka ajiye shi daidai tsayin saman ƙwan, ka gwada a kusurwa daban-daban, musamman kusa da abin da ke ba da zafin. Ka kula kuma da lokacin da wuta ta dawo ko aka tada janareta, domin wasu injinan sukan zarce kafin su daidaita.

Ka duba inda kake tara ƙwan kafin ka zuba. A bazara ɗakin ajiya yakan yi zafin da tayin zai fara girma a karkace tun bai shiga inji ba, kuma ƙwan da ya wuce mako a ajiye lahani ya fi yawa a cikinsa. Abincin iyayen ma yana da hannu, musamman ƙarancin bitamin. Hanyar rarrabewa ba ta da wuya: ka riƙa rubuta alamar uwa ko gidan da ƙwan ya fito da fensir a ɓawo. Idan lahanin ya bazu a ƙwan gidaje daban-daban a zubi ɗaya, inji ne ko ajiya. Idan kullum daga zakara ɗaya da 'yan'uwansa yake fitowa, wajen ɗaya cikin huɗu, alhali sauran ƙwan lafiya, to ka canza zakara. Ni dai ban ga injinka ba, kuma ni ba likitan dabbobi ba ne, idan abin ya ci gaba ka kai wa likitan dabbobi ƙwan da suka mutu ya fasa ya gani.

Wannan magana ta shafi gidajenmu ma. Bututun jijiyar ɗan Adam yana gama rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da cikin ba. Idan bai rufe a baya ba a haifi jariri da ƙari a gadon baya, idan a gaba ne jaririn ba ya rayuwa. Wani babban gwaji da aka buga a Birtaniya a 1991 ya nuna folik asid ya rage maimaituwar wannan lahani da kashi 72 cikin ɗari ga matan da suka taɓa haifar irinsa. Shi ya sa ake son mace ta fara shan maikurogiram 400 kullum tun kafin ta ɗauki ciki, ba sai ta fara zuwa awo ba. Mai shan maganin farfaɗiya irin su valproate, ko maganin ƙuraje isotretinoin wanda dangin asid ɗin bitamin A ne, ta yi magana da likita kafin ciki, kada kuma ta yanke maganin farfaɗiya da kanta.

Duk abin da na zayyana maka shata manyan ɗakuna ne. Yadda kowace jijiya take miƙa zarenta ta gano abokiyar haɗinta, har ɗan tsako ya fito ya san tsattsaga, wannan ilimi bai kai inda na ɗakunan ya kai ba, kuma galibin abin da aka sani daga dabbobi kaɗan aka samo shi. An dai tabbatar cewa wasu ɗabi'u tun a bututun ake ƙulla su. Nicole Le Douarin ta Faransa ta ƙware wajen yanko yankin bututun tayin salwa ta dasa a na kaza a kwana na biyu. A 1988, tare da Evan Balaban da Marie-Aimée Teillet, suka dasa yankin da ya haɗa da ƙwaƙwalwar tsakiya, 'yan tsakin suka ƙyanƙyashe, kuma da suka fara cara sai aka ji salon salwa a ciki. Gwajin ba ya nisa, domin bayan 'yan makonni garkuwar jikin kazar takan farma naman salwar, don haka abin da aka iya aunawa ɗabi'un ƙuruciya ne kawai.